Daren Gishiri: Musayar Waƙa

Malamin Gwammaja

Assalamu alaikum. Jiya da daddare, a wata muhawara a Facebook, na ga wani dattijo ya rubuta cewa wankan gishirin da aka yi a 2014 shi ne ya kare Arewa daga Ebola, kuma mutane da dama suka bi shi da "wallahi haka ne" ba tare da ko mutum ɗaya ya nemi dalili ba. Ga baitocina a kan haka, wanda yake da ja kuma ya amsa da waƙa kamar yadda muka saba.

Da sunan Allah na fara, Mai kowa Mai komai,
Shi nake roƙo ya ɗora harshena a kan gaskiya.

Salati ga Annabi, wanda ya gargaɗe mu
Cewa faɗin duk abin da aka ji ya isa zama ƙarya.

Ku tuna daren Juma'a, wayewar 8 ga Agusta,
Daren da barci ya gagari gidajen Nijeriya.

Waya ta yi ta ƙara tun kafin kiran assalatu,
Uwa na neman ɗanta, ƙane na neman yaya:

"Tashi ka ɗora ruwa, ka zuba masa gishiri,
Ka yi wanka, ka sha, ka tare wa Ebola hanya."

Ba wanda ya ce wa ya faɗa, ko a ina ya karanta,
Tsoro ya hau kujera, ya sallami tambaya.

Da gari ya waye ministan lafiya ya musanta,
Amma an riga an sha, wasu har sun kai ga jinya.

Aka ba da rahoton mutum biyu sun rasu,
Ba su ga Ebola ba, gishiri ya raba su da duniya.

Yau wani yana cewa wankan ne ya cece mu,
To ga fili ga mai doki, a kawo hujja ko ɗaya.

Baba Mai Shago, Zariya

Wa alaikumus salam, Malam. Dattijon da kake nufi ni ne, kuma ban ga abin ɓoyewa a ciki ba.

Malam, na ji waƙarka tun daga farko har ƙarshe,
Ban zo da faɗa ba, ka saurare ni da haƙuri.

Ƙanena ne ya kira ni ƙarfe uku na dare,
Muryarsa na rawa, yana cewa in tashi in yi shiri.

Na tashi iyalina, mu goma sha huɗu ne cif,
Muka jera bokitai a tsakar gida, kowa da gishiri.

Daga ranar har yau babu wanda Ebola ta taɓa,
Ko a gidana, ko a layinmu, ko a cikin gari.

In maganin bai yi ba, ina cutar ta tafi?
Abin da ido ya gani, me ya rage masa na nazari?

Kuma ku a asibiti, in an kawo yaro yana zawo,
Ruwan me kuke ba shi, in ba na gishiri da sukari?

Wanda ya turo saƙon nufinsa mu tsira ne,
Ba a rama wa mai nufin alheri da sharri.

Inna Mai Jinya

Baba, Allah ya ƙara girma. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ina bakin aiki a safiyar da ake magana, saboda haka zan ɗauki zancen gishiri da sukari, in bar wa Malam zancen mutum goma sha huɗu.

Baba, Allah ya ja kwana, ka ba ni izini
In faɗi abin da idona ya gani, babu ƙarawa.

Ruwan gishiri da sukari awo gare shi:
Rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita guda ta ruwa,

Sai sukari ƙaramin cokali shida, a dama, a ba shi kaɗan-kaɗan,
Don ya mayar da abin da zawo ya zubar, ya hana bushewa.

Ba ya kashe ƙwayar cuta, ba mu taɓa cewa haka ba,
Aikinsa riƙe jiki ne har Allah ya kawo warkewa.

A daren nan kuwa da hannu aka riƙa dumbuza,
Wata ta juye ludayi a kofi, ta kafa kai tana kurɓawa.

An kawo mana wata gyatuma a bayan a-kori-kura,
Mai hawan jini ce, jikanta na riƙe da ita yana kururuwa.

Leɓenta ya bushe, tana amai, ba ta gane kowa,
Kwana biyu muka yi a kanta kafin ta fara farfaɗowa.

Abin da ke magani a cokali guba ne a ludayi,
Ƙoda da zuciya su ne ke ɗaukar nauyin yawa.

Ebola kuwa ta jini take bi, da amai da zawo,
Da taɓa majinyaci da hannu, da wankan gawa.

Ƙwayar tana cikin jini, gishirin wanka na bisa fata,
Ta ina suka haɗu, Baba, har aka yi karawa?

Malamin Gwammaja

Baba, ban san kai ne ba, ka yafe kaifin harshe,
Amma hujjar taka tana da rami a tsakiya.

Cutar ta shigo ta Legas ranar 20 ga Yuli,
A jikin Patrick Sawyer, fasinja daga Laberiya.

Likita Stella Adadevoh ta hana shi barin asibiti,
Ta kamu, ta rasu, ta zame wa miliyoyi kariya.

Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu,
Legas da Fatakwal ne iyakar inda ta yi tafiya.

An bi sawun kusan mutum 900 da suka yi cuɗanya,
Kwana 21 ana auna zafin jikinsu, ana duba lafiya.

Ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar
Cewa kwana 42 babu sabon kamu, cuta ta juya baya.

Zariya da Kano kuwa ba ta taɓa taka su ba,
Wanda ya yi wanka da wanda ya ƙi duk sun tashi ɗaya.

Maƙwabcina bai ɗaga waya ba, ya kwana yana minshari,
Shi ma bai kamu ba. Sai mu ce minshari ne laya?

Zakara kan yi cara, gari kuma ya waye,
In ya ce shi ya fito da rana, kaji ma sa yi dariya.

Baba Mai Shago, Zariya

Na karɓi ta zakara, na karɓi ta ludayi,
Amma ku saurara, don tsoron namu da uzuri.

A 1996 sanƙarau ya afka wa Kano,
Kamfanin Pfizer ya zo da maganin Trovan, ya yi gwajinsa cikin sauri.

Yara wajen 200 aka sa a cikin gwajin,
Daga cikinsu 11 suka kwanta a kabari.

Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano
A kan dala miliyan 75, bayan shari'a da dogon haƙuri.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu,
Don me zan bi mai farar riga, in bar ƙanena da gishiri?

Ɗalibi Daga Katsina

Baba, a shekaru ni jikanka ne, domin ina aji uku na firamare aka yi wannan wanka, kuma har yau ina tuna raɗaɗin gishirin a kan wani ƙurji da ke gwiwata, da yadda kakata ta danne ni ta ce in yi shiru. Ka yi mini afuwa in sa baki a maganar manya.

Baba, abin da ka faɗa na Kano ya faru,
Ba mai musun sa sai wanda ya rasa sani.

Amma laifin wancan ba ya wanke saƙon wannan,
Kowace magana da nata nauyin a kan mizani.

Don mai awo ya taɓa tauye maka mudu,
Ba ya mayar da mai talla a tasha masanin magani.

Wannan tsoron ne aka hau a 2003,
Aka ce ɗigon shan-inna na hana haihuwa, aka kalle shi da raini.

Kano ta dakatar da rigakafi har Yulin 2004,
Ƙafafun yara suka shanye, wannan ma ido ya gani.

Ƙwayar ta bi matafiya har Sudan da Yaman da Indunusiya,
Inda aka riga aka kore ta, ta koma ta sami sukuni.

Kuma jami'an yaƙi da shan-innar nan da aka zarga,
Su aka ɗauko a Legas, suka yi wa yaƙin Ebola amfani.

Aya ta 6 ta Hujurati ta umarce mu da tabbatarwa,
Kada mu cutar da mutane cikin rashin sani.

Malaman hadisi ba sa karɓar ruwaya sai da mazajenta,
To wa ya faɗa wa ƙanenka, Baba? A kawo isnadi mu gani.

Baba Mai Shago, Zariya

Shirun da kuka ji na kwana biyu ba fushi ba ne. Tambayar yaron nan ce ta hana ni sakat, shi ya sa na bar shago a hannun ɗana, na sayi kati, na zauna ina bin diddigin saƙon daga baki zuwa baki.

Na kira ƙanena, ya ce mai ɗakinsa ce ta tashe shi,
Ita ta ce yayarta ce ta kira ta daga Bakori.

Yayar ta ce mijinta ya gani a wayar abokinsa,
Direban tirela mai ɗaukar kaya zuwa Maiduguri.

Direban na same shi, ya yi dariya ya ce ya tuna,
Wani ne ya karanta musu a teburin mai shayi a Yawuri.

Na ce wane ne wanin? Ya ce bai san sunansa ba,
Dogo ne mai jar hula, yana shan shayi babu sukari.

A nan isnadina ya tsaya, ɗana, na kuma gaji,
Katin naira dubu biyu ya ƙone a wannan nazari.

Babu likita a ciki, babu malami, babu ko mai ganye,
Sai mu da junanmu, da dogo, da buhun gishiri.

Na koma Facebook in goge abin da na rubuta,
Na tarar mutum arba'in sun tura shi gaba tun da wuri.

In akwai yadda ake kiran rubutu ya dawo gida,
Ka nuna mini inda ake latsawa, ka yi mini haƙuri.