Mai kafe ya buɗe min fotal da imel ɗin da ban sani ba, ga rajista za a rufe

Sabon Ɗalibi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a taimaka min da shawara, kwana uku ke nan ba na barcin kirki. Ni daga wajen Illela nake, bana Allah Ya ba ni gurbi a wata jami'a a nan Sakkwato bayan na zana JAMB sau biyu. Baba albasa yake sayarwa, buhu huɗu ya fitar tun kasuwa ba ta tashi ba don a biya min kuɗin makaranta, Inna na ta faɗa a jira. Kawuna da nake zaune wurinsa a Mabera shi ya goya ni a mashin har wani kafe, ya ce mai wurin yaron kirki ne, masallaci ɗaya suke sallah. Mai kafen ya yi min komai, ya buɗe min fotal, wato shafina na ɗalibi a intanet, ya ciro RRR, lambar biyan kuɗi ta Remita, muka je banki muka biya. Yanzu na zo rajistar kwasa-kwasai, kalmar sirrin da ya rubuta min a bayan katin waya ta ƙi shiga. Na danna wurin canzawa, sai aka ce an tura saƙo zuwa wani imel mai farawa da harafin b. Ni ba ni da irin wannan imel. Juma'a mai zuwa ake rufewa. Ya zan yi?

Tsohon Hannu: Wa alaikumus salam. Ƙanena, abin wanga ba sabo ba ne, ina aji huɗu, na gani ya fi a ƙirga. Imel ɗinshi ya sa maka. Kar ka sake taka ƙafa kafen nan. Ka tashi da asuba ka tahi ofishin ICT na makaranta, masu kula da fotal, kafin layi ya yi tsawo, riƙe da takardar gurbin karatu ta JAMB, da takardar NIN, da risit ɗin banki. Ka ce a cire imel da lambar wayar da anka sa, a sa naka. In sun ba ka imel na makaranta, wanda ke ƙarewa da edu.ng, ka canza kalmar sirri nan take a gabansu. Shi ke nan magana ta ƙare.

'Yar Bodinga: Yaya, da sauƙi haka? Ni sau uku na je, kullum a ce injin ba mai, ko mai makullin ya fita. Ga rana, ga kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa. Waifai ɗin da muke biya wa kuɗi a cikin rajista kuwa, sai ka manna bayanka da bangon laburare kafin ya kama. Ni dai na ce ka koma wurin mai kafen da kawunka, ya buɗe imel ɗin a gabanku, minti biyar an gama.

Tsohon Hannu: 'Yar uwa, in ya buɗe yau, gobe fa? Imel ɗin na nan hannunshi har yaron ya gama digiri. Sakamakon jarrabawa, rajistar ɗakin kwana, duk ta fotal ɗin nan suke bi. Wanda ke riƙe da imel shi ke riƙe da ƙofa.

Sabon Ɗalibi: Yaya na gode, amma fa mutumin ba macuci ba ne. A lokacin ƙaramar waya gare ni mai tocila, ban da imel, ga mutane cike a bayana suna jira. Taimako ya yi min. Kuma in na tsallake shi na tafi ofis, kawu zai ga kamar na tozarta mutuminsa.

Malamin Lissafi: Tsaya tukuna. Risit ɗin yana hannunka? Lambar RRR guda 12 ce, da ita za ka iya duba ko kuɗin ya shiga a shafin Remita, har ka sake buga risit. Duk wanda ya ce ka sake biya, kar ka yarda. Sannan layin da ka tura NIN zuwa 55019 lokacin JAMB, naka ne?

Sabon Ɗalibi: Layin na yayana ne, yana Legas. Risit kuma mai kafen ya riƙe, ya ce zai manna masa leda.

Tsohon Hannu: Innalillahi. Ka bar risit wurin wani? Mi kaka tunani? To ka tahi bankin da kunka biya ka roƙi su nemo maka da sunanka da ranar biya.

'Yar Bodinga: To ka ga dole dai ya koma kafen. Maganata ta fito.

Ɗan Kwannawa: Ku bar batun imel, ni abin da ke ci min rai soket. Mutum ɗari a aji, soket biyu, ɗaya ya ƙone. Bara na sa kwamfutata caji na fita alwala, na dawo ba caja. Ƙanena, ka sayi fawa banki tun yanzu.

Tsohon Hannu: Kuma in kana da niyyar neman bashin karatu na gwamnati, NELFUND, sunanka na NIN da na BVN da na JAMB su zo ɗaya. Masu kafe da gaggawa suke buga suna. Ka bi abin da na ce, ofis kawai.

Sabon Ɗalibi: Suna dai ya karanto min na ce daidai ne, ban duba allon ba. Ɗazu bayan la'asar na leƙa kafen, a kulle yake, maƙwabcinsa mai shayi ya ce ya tafi ta'aziyya Argungu. Kawu ya ce in yi haƙuri zuwa Laraba, ba zai wuce haka ba.

'Yar Bodinga: Laraba kuma? Allah Ya sa injinsu na da mai ranar Alhamis.

Ɗan Kwannawa: Af, wai wa ke da sabuwar kalmar sirrin waifai ɗin laburare? Tawa ta daina aiki tun jiya.