Ɗana mai shekara 4 yana yawan birgima, duka kuma bai hana shi ba

Maman Biyu, Jahun:
Assalamu alaikum. Ina neman shawara a kan ɗana mai shekara 4, wanda halinsa ya sauya tun da na haifi ƙanwarsa bara. Idan ya nemi abu aka hana shi, ko da ragowar ƙosai ne, sai ya faɗi a tsakar gida yana birgima yana ihu har maƙwabta su leƙo ta katanga, jiya kuma ya kifar da ƙwaryar geron da na gama surfawa. Nakan zane shi da tsumagiya, amma kafin hawayensa su bushe kakarsa, wato surukata, ta kira shi ɗakinta ta ba shi alewa, kashegari kuma ya maimaita. Akwai hanyar da ta fi duka?

Malamin Firamare, Ringim:
Wa alaikumus salam, Malama. Yaronki bai lalace ba, lissafi ne ya yi: ya gano cewa birgima tana ƙarewa da alewa, tsumagiyar kuwa kuɗin sayen alewar ce kawai. Gerald Patterson, masanin halayyar ɗan'adam da ya daɗe yana nazarin iyalai a jihar Oregon ta Amurka, ya bayyana yadda wannan ke faruwa, inda yaro ke ƙara ihu, uwa ta ƙara tsawa, har ɗayansu ya sakar wa ɗaya, kowanne kuma ya koyi cewa tsanantawa ce ke biya. Shirye-shiryen horar da iyaye irin su Triple P, wanda Matthew Sanders ya kafa a Jami'ar Queensland ta Ostareliya, duk wannan igiyar suke ƙoƙarin tsinkewa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa koya wa iyaye irin waɗannan dabaru. Ki tsuguna daidai tsayinsa, ki ba shi umarni guda ɗaya a taƙaice, idan ya yi ki yabe shi nan take tare da faɗin abin da ya yi. Idan ya fara birgima, ki ci gaba da aikinki kamar ba ki gan shi ba. Idan ya yi ɓarna ko ya doki wani, ki zaunar da shi a kan tabarma shi kaɗai na minti 4, wato minti ɗaya a kan kowace shekara. Ki sani cewa a kwanakin farko ihun zai ƙaru kafin ya ragu, kuma a nan ne yawancin iyaye ke karaya.

Dattijo, Kiyawa:
Ni dai ban yarda a bar yaro babu horo ba, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sai dai 'yata, ko a kan salla an ce a umarci yaro yana da shekara 7, ba a ambaci duka ba sai ya kai 10, to ina ga ɗan shekara 4 a kan ƙosai?

Ungozoma, Birnin Kudu:
Malam ya yi bayani mai kyau, amma ya tsallake kakar, alhali ita ce rabin maganar. Ke ba za ki iya hana surukarki ba, kunya ma ba za ta bar ki ba, saboda haka ki bi ta hannun maigidanki, shi ya roƙe ta cikin ladabi kada ta daina ba jikanta alewa, amma ta riƙa ajiye ta sai ranar da ya wuni bai yi birgima ba. Sannan kishi yake yi da jaririyar da ta ƙwace masa bayanki. Idan ta yi barci, ki ware masa ɗan lokaci shi kaɗai, ko tatsuniya ce ki yi masa, ki kuma riƙa sa shi miƙo miki zanin goyo kina kiransa Yaya.

Maman Biyu, Jahun:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maigidan yana cirani a Kano, sai ranar Juma'a zai dawo, amma kafin nan zan fara da tabarmar da kuma zanin goyon.