Ina bidiyon girki a TikTok amma dangin wanda zan aura sunce sai na daina, ya zanyi?

Yar_Fagge:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Dan Allah shawara nake nema musamman wajen waɗanda suke cikin harkar nan ko suka taɓa yinta. Ni a Kano nake, na gama karatu babu aiki shine na fara ɗora bidiyon girki a TikTok da Instagram, irinsu dambun shinkafa, alkubus da miyar taushe, funkaso, sinasir, wani lokacin cincin da samosa. Da hijabina nake yi, bana rawa bana bin waƙa, yawanci ma hannuna da tukunya kawai ake gani sai muryata. Alhamdulillah mabiya sun taru har ana min odar abinci in ana suna ko walima.

To yanzu an kawo kuɗin gaisuwata, sai wata gwaggonsa taga bidiyona a wayar ƴarta, tace su wallahi baza a kawo musu ƴar TikTok cikin zuri'a ba. Shi ya san abinda nake yi tun farko kuma bai taɓa hanani ba amma yanzu ya fara cewa in yi haƙuri in goge shafin a zauna lafiya. Babana kuma yace shi ba ruwansa, duk abinda mijina yace shikenan.

Abinda yafi min ciwo kowa gani yake kuɗi nake kwasa, har ƴan uwa suna turo min akawun lamba, alhali TikTok bai taɓa biyana ko sisi ba, data ma da kuɗin cincin nake siya. Masu kawo talla kuma daga mai kayan mata sai mai man bilicin sai wani kamfanin caca da yace zai ban kuɗi mai kauri in saka lambarsu a bidiyo, duk naƙi. Ga maza a inbos da maganganun banza kullum ina bulokin. Na rasa yadda zanyi, in goge abinda na sha wahala na gina ko in tsaya akai? Kuma shin akwai hanyar samu ta halal a harkar nan da gaske ko ɓata lokacina nake?

Abba_FarmCentre:
Wa alaikumussalam. Ni bari in taɓa ɓangaren kuɗin tunda shi na sani, maganar aure na barwa manya. Ina saida waya kuma ina bidiyon bayanin wayoyi a YouTube da Facebook. Gaskiyar magana tsarin da TikTok yake biyan mutane akan yawan kallo ba'a buɗe shi ga Najeriya ba, shi yasa kika ga ko bidiyonki ya kai kallo miliyan babu alat. Waɗanda kike gani suna samu a can yawanci a laif suke samu, ana tura musu kyaututtukan cikin TikTok da ake siya da kuɗi irinsu fure da zaki, TikTok ya cire nasa kaso mai yawa ya basu saura, kuma kinsan su waye suke tura kyautar nan da ƙarfe ɗayan dare kuma kinsan me suke so mace tayi kafin su tura. Anan ne yawancin ƴan matanmu suke zamewa, ba wai da niyyar banza suka shigo ba, sun shigo ne suka tarar ƙofar da kuɗi yake fitowa kenan.

YouTube yana biya amma sai kin haɗa mabiya 1000 da awa 4000 na kallo cikin shekara, sannan sai kuɗin sun kai dala 100 kafin su turo. Facebook ma sun buɗe mana a 2024. Matsalar ita ce abinda ake biya ya danganta da inda masu kallonki suke, mai kallo daga Amurka ko Ingila tallar da ake nuna masa tafi tsada nesa ba kusa ba akan ta mai kallo daga Kano ko Maraɗi, mu kuma da Hausa muke yi, mutanenmu ne suke kallo. To ki haɗa da kuɗin data da aka ƙara kashi 50 a farkon 2025, ga wuta, ki tuna watan Oktoban 2024 da arewa tayi sama da sati babu lantarki, lokacin layi muke bi wajen masu caji da fawa bank a hannu, bidiyon minti biyar sai in tashi tsakar dare kafin ya hau saboda netwok.

Shawarata ki daina kallon shafin a matsayin wanda zai biyaki albashi, odar da ake miki ita ce kuɗin. Ki buɗe ajin koyon girki a WhatsApp ko Telegram mata zalla, kowa ta biya kaɗan, mata da yawa da haka suke riƙe kansu. Kuma ki tara lambobin kwastomominki a waje ɗaya, ranar da aka rufe Twitter a watan Yunin 2021 sai Janairun 2022 aka buɗe, masu sana'a da yawa da basu da wata hanyar samun mutanensu sun ji a jikinsu.

Abu_Sumayya:
Baiwar Allah ki goge kawai. Mutum ya kawo kuɗin aurenki danginsa sun nuna basa so, me kike jira? Ko ba'a ga fuskarki ba ai ke da bakinki kika ce maza suna damunki a inbos. Wurin nan ya lalace, duk mai tarbiyya da ya shiga sai an haɗa shi da sauran. Allah zai buɗa miki wata hanyar.

Anti_Hajara:
Malam Abu Sumayya a yi mata a hankali, yarinyar nan sana'a take yi ba yawo ba, kuma da tana son kuɗin banza da ta karɓi na masu caca tuntuni. Wace hanyar kake so ta bi a wannan tsadar rayuwar, tun da aka cire tallafin mai a 2023 gida nawa ne miji shi kaɗai yake iya ɗauka?

Ƙanwata ki saurareni. Ni atamfa da leshi nake sarowa a Kantin Kwari ina saidawa ta Instagram kuma da aurena da ƴaƴana. Gwaggon nan ina tabbatar miki bata zauna ta kalli bidiyonki ba, sunan wurin kawai taji, ita abinda ta sani game da TikTok shine abinda take ji a rediyo, an kama wance an kai wane kotu, to dole hankalinta ya tashi, kada ki riƙeta a zuciya. Lokacin da surukata ta fara irin wannan maganar ban yi musu da ita ba, ranar juma'a naje gaisheta na zauna a ƙasa kusa da ita na buɗe shafin na miƙa mata wayar, ta saka gilashinta tana ja da yatsa ɗaya bayan ɗaya har ƙasa, can ta tsaya akan wani leshi ruwan toka tace wannan nawa ne. Daga ranar maganar ta mutu.

Ke tunda ba'a ɗaura ba bai kamata kije da kanki ba, ki samu babbar mace a danginku wadda ake jin maganarta, yayar mamanki ko gwaggonki, ta je ta samu mahaifiyarsa, ita ce mai magana ba gwaggo ba. A nuna mata komai. In abinda ya tsaya musu a rai TikTok ne to ki sakar musu shi ki koma Instagram da WhatsApp da sunan sana'a ba sunanki ba, ki sanar da mabiyanki inda kika koma kafin ki rufe. Amma abu ɗaya da nake so ki riƙe da kyau, kuyi maganar sana'ar nan ƙarara ke da shi a gaban manya KAFIN aure, zai barki ki cigaba ko bazai bari ba. Na ga mata da yawa da aka ce musu bakomai a waje, suna shiga ɗaki sati biyu aka karɓe wayar, kwastomomi suka watse, ta koma kuɗin kati ma sai ta roƙa. In yace a'a tun yanzu kin san abinda kika zaɓa da idonki buɗe.

Barista_MK:
Ƙarin bayani akan abinda Anti ta faɗa na kame da kotu, domin naga mutane suna haɗa komai waje ɗaya. Mai bidiyon girki da suturarta babu abinda ya haɗata da Hisbah. Abubuwan da suke kai mutane gaban alƙali a Kano iri biyu ne, na farko abinda ake kira baɗala wato rawa da kalaman batsa da shigar banza, shine irin shari'ar Murja Kunya da ta jawo cece-kuce a farkon 2024 har Sheikh Daurawa ya ajiye muƙaminsa na shugaban Hisbah bayan gwamna Abba ya soki yadda ake kamen, daga baya aka sasanta ya dawo. Na biyu kuma taɓa masu mulki, a watan Nuwamban 2022 kotu ta sa aka yiwa wasu matasa biyu masu barkwanci bulala 20 kowanne da tara da sharar kotu saboda bidiyon da suka yi akan Ganduje yana gwamna, a wannan watan ne kuma aka kama wani ɗalibin jami'ar Dutse akan rubutun da yayi a Twitter game da Aisha Buhari. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 an sha amfani da shi akan masu rubutu da ƴan jarida, an yi masa gyara a 2024 amma har yanzu ana kama mutane. Ni a ganina wannan na biyun yafi zama abin tsoro domin babu wanda zai gaya maka iyakar inda zaka tsaya.

Inda ke zaki iya shiga matsala shine talla. Kinyi daidai da kika ƙi. Duk maganin sha ko na shafawa da babu lambar NAFDAC kada ki taɓa, in ya ƙona fatar wata ko ya taɓa mata ƙoda ke ta sani ba mai haɗawa ba. Haka masu cewa a zuba kuɗi a ninka, kin ga yadda CBEX ya rufe da kuɗin mutane a watan Afrilun 2025, waɗanda suka ja mutane ciki har yau basu da fuskar shiga unguwa. Masu turo miki maganar banza kuma ki dinga ɗaukar hoton saƙon kina ajiyewa kafin kiyi bulokin, in wani ya kai ga barazana ko haɗa hotonki da abinda baki yi ba kina da abin nunawa.

Yar_Fagge:
Nagode sosai Allah ya saka da alheri. Anti wallahi kamar kin san abinda yake raina, tsoron da nake ji kenan a ce bakomai yanzu daga baya a hana. Na yiwa yayar mamana magana tace zata je ranar asabar in sha Allah. Malam Abu Sumayya naji taka ma, na rufe inbos ɗin gaba ɗaya na saka lambar oda ta ƙanina. Yaya Abba dan Allah ajin WhatsApp ɗin nan nawa ake sakawa mutum ɗaya, kuma ya ake hana a tura bidiyon darasin ga wanda bai biya ba?

Abba_FarmCentre:
Farashi ki fara da kaɗan yadda ɗaliba ko matar aure zata iya cirewa cikin kuɗin cefane, in an ga amfani sai ki ƙara a zagaye na biyu. Maganar turawa kuma Telegram yafi, akwai wajen da zaki kunna a saitin ɗin guruf ya hana turawa da saukewa, WhatsApp bai kai shi tsaro ba. Duk da haka mai son sata zata ɗauka da wata wayar, saboda haka ki rubuta sunan sana'arki da lambar oda a jikin kowane bidiyo, a tsakiya ba a gefe ba inda za'a yanke.