Waɗanne ƙananan abubuwa ne suke sanyaya muku rai a cikin yini?

Ɗan Kwari ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa maza da mata. Ina da tambayar da wataƙila wasu za su ga ba ta kai a kawo ta gaban jama'a ba, amma ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya. Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da yadi da shadda a Kantin Kwari a Kano, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 na lura hirar mutane ta koma wuri ɗaya, wato kuɗin mota, da farashin buhun shinkafa da na masara, da kuɗin makarantar yara. Wanda ya shigo shago da maganar zai shigo, kuma da ita zai fita. Ba na musun cewa ana cikin matsi, domin ni ma a cikinsa nake, sai dai na ga duk da haka mutum yakan sami ɗan lokaci a cikin yini da zai ji ƙirjinsa ya yi sakayau, kuma sau da yawa abin da ya jawo hakan bai taka kara ya karya ba.

Nawa shi ne teburin mai shayin da ke bakin layinmu. Bayan an idar da sallar Asuba nakan zauna a kan bencinsa, ga gwangwanayen madara ya jera su tsaf, ga burodi a gefe, ga tukunya tana tafasa a kan gawayi. Ba ya tambayata yawan sukarin da nake so, domin ya riga ya sani. Idan ya haɗa, sai ya ɗaga kofi sama har hannunsa ya miƙe, ya tsiyayo shayin cikin ɗaya kofin ba tare da ɗigo ya zuba a ƙasa ba, ya maimaita har ya yi kumfa ya huce, sannan ya miƙo mini yana cewa, "Alhaji, bismillah." Daga nan har na isa kasuwa raina a sake yake.

To ku fa, mene ne naku? Ina roƙon a bar maganar manyan abubuwa kamar aure da haihuwa da samun aiki, a tsaya kan abin da ake samu kusan kullum, wanda ba ya cin kuɗi mai yawa.

Uwargida daga Zazzau ta amsa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Tambayarka ta kai a yi ta, kuma mu da muke wuni a cikin gida muna da amsarta fiye da yadda maza suke zato.

Na farko a wurina shi ne ruwan randa a lokacin bazara. Muna da firji, amma ban taɓa yarda an fitar da randar da ke ƙarƙashin bishiyar dalbejiyar tsakar gidanmu ba. Idan rana ta take a watan Afrilu, lokacin da ko tabarma aka taɓa sai a ji ta da ɗumi, nakan ɗaga faifan da aka rufe ta da shi, in tsoma moɗa in ɗebo, kuma tun kafin ruwan ya kai baki ƙamshin yumɓu da na saiwar jema da nake jefawa a ciki ya riga ya iso hanci. Sanyinsa ba ya kama haƙori, ba ya sa mura, yana sauka ne a hankali har mutum ya ji gumin jikinsa ya tsaya. Yarana sun fi son na leda mai ƙanƙara, ni kuwa ina ganin ba su san abin da suke rasawa ba.

Na biyu shi ne bayan La'asar, idan na share tsakar gida na yayyafa ruwa ƙura ta kwanta, na sa garwashi a kasko na barbaɗa turaren wuta. Wanda nake amfani da shi wata ƙanwata ce take aiko mini daga Maiduguri, kuma duk wanda ya san turare ya san matan Barno ba su da na biyu a wannan sana'a. Gidan da aka share aka turara, ko da tuwo da miyar kuka za a ci a cikinsa, mai shigowa zai ji ya shigo wurin da ake kula da shi, kuma ita mai gidan ce take fara jin daɗin hakan kafin kowa.

Amma wanda ya fi duka, a ganina, shi ne kwanon maƙwabta. Har yanzu a unguwarmu idan mace ta yi dambu ko ɗanwake ko wainar shinkafa, takan zuba kaɗan ta ba yaro ya kai gidan da ke kusa, kuma kowa ya sani kwanon ba ya dawowa wayam, ko da ƙuli-ƙuli ne ko 'yar gyaɗa sai an sako. Sau da yawa ina zaune raina a ɓace saboda wani abu, sai in ji sallamar yaro yana cewa, "Wai in ji Mama a kawo miki." Abin da ke cikin kwanon bai kai ya ƙosar da mutum biyu ba, amma sanin cewa wata tana tsaye a gaban murhunta ta tuna da ke yakan wanke ɓacin ran. Abin da nake tsoro shi ne sababbin unguwanni masu dogayen katangu da ƙofar ƙarfe, inda mutum zai shekara bai san sunan matar da ke bayan gidansa ba.

Ɗalibi a Samaru ya amsa:

Ranki ya daɗe Hajiya, kin faɗi na manya, bari in faɗi namu. Babu abin da yake canza fuskar mutanen layi gaba ɗaya a lokaci guda kamar a kawo wuta da dare bayan an wuni babu. Yara sukan ɗauki ihun "Nepa!" tun daga farkon layi har ƙarshensa, alhali hukumar da ake kira da wannan suna ta koma PHCN tun 2005, aka kuma raba ta ga kamfanoni a 2013, wato mafi yawan masu ihun ba a ma haife su ba lokacin da take aiki. Fanka takan fara juyawa a hankali, kowa ya ruga ya jona wayarsa, mai guga ya jawo dutsen guga, masu janareta su kashe, unguwa ta yi tsit. Wannan shirun da yake biyo bayan kashe janareta shi ne nawa.

Malamin makaranta daga Damagaram ya amsa:

Gaisuwa ga kowa daga Jamhuriyar Nijar. Alhaji, ka yi mini afuwa, amma shayinka na masu sauri ne, wanda ake sha a tashi a tafi nema. Namu na nan sai wanda ya shirya zama. A fada, wato abin da ku kuke kira majalisa, akan ɗora 'yar buta a kan murhun waya mai gawayi, a zuba koren ganyen shayi, a bar shi ya yi ta dahuwa, a riƙa juya shi tsakanin buta da ƙaramin kofin gilashi har kumfa ta tsaya a kai. Akan sha shi hawa uku, na farko mai ƙarfi da ɗaci, na biyu ya ɗan sassauta, na uku kuma zaƙi da na'a-na'a sun rinjaye shi. Abin da kowa zai samu bai wuce kurɓi biyu ko uku ba a kowane zagaye, amma kafin a kai na ƙarshe an yi awa biyu ana hira, an yi gardamar kokawa, an zolayi wanda ya kusa aure, an ji wanda ba shi da lafiya a unguwa. Na lura cewa ranar da na shiga fada da damuwa, jiran shayin ne yake fara kwance ta tun kafin in kurɓa.

Sai dai akwai abin da ya fi shayi a wurina, ko da yake ba kullum ake samunsa ba, shi ne ruwan farko. Mu nan yakan jinkirta fiye da Kano da Zariya, sau da yawa sai watan Yuni ya yi nisa, bayan an sha zafin da yakan haura digiri 40. Hadari yakan taso daga gabas, iska mai ƙura ta riga shi isowa, mata su ruga su kwashe shanya, sannan manyan ɗigo su fara faɗuwa ɗaya-ɗaya a kan rufin kwano. Ƙamshin da yake tashi daga ƙasa a wannan lokaci ban san mutumin da ba ya sa shi murmushi ba. Da yake kimiyya nake koyarwa, bari in ƙara da cewa ƙamshin yana da asali: wasu ƙananan halittu da ke rayuwa a cikin ƙasa suna samar da wani sinadari da ake kira jiyosmin, idan ɗigon ruwa ya bugi busasshiyar ƙasa sai ya tashi cikin iska, kuma hancin ɗan Adam yana iya jin sa ko da ɗan mitsitsi ne ƙwarai. Shi ya sa ruwan da ya sauka bayan dogon rani ya fi na tsakiyar marka ƙamshi.

Haka ma randar Hajiya. Yumɓun da aka gasa yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa yakan tsattsafo ta cikinsu ya jiƙa bayan randar, idan iska ta busar da shi sai ya tafi da zafin da ke ciki. Saboda haka randa ta fi sanyaya ruwa a bazara da hunturu, lokacin da iska take a bushe, ta kuma rage ƙarfi da damina. Wanda ya shafa wa randarsa fenti ko siminti don ado ya toshe ƙofofin, ya mayar da ita bokiti.

Mazaunin Zongon Kumasi ya amsa:

Ni a Gana aka haife ni, kakana ne ya zo daga ƙasar Hausa da fataucin goro ya zauna. Abin da yake buɗe mini safiya shi ne layin mai koko da ƙosai. Kokon gero mai citta da kanumfari da ɗan barkono ya zama abin karin kumallon kowa a Kumasi da Akara, har waɗanda ba sa jin Hausa da sunan Hausawa suke kiran sa, kuma nakan ji wani abu a raina idan na ga ma'aikacin banki da yaron mota sun tsaya a layi ɗaya suna jiran ludayin wata dattijuwar Zongo. Na biyu shi ne rediyo. Mahaifina ya saba kama Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara watsa shiri tun 1957, kuma da yake agogonmu yana bayan na Nijeriya da awa guda, shirin safe yakan same mu gari bai gama wayewa ba. Yanzu a waya nake saurare, amma jin an yi sallama da Hausa daga nesa, an ambaci Sakkwato da Maraɗi da Yawunde a cikin labari guda, yana sa in fita aiki da ƙarfin gwiwa.

Ma'aikaciyar jinya ta amsa:

Na ji daɗin amsoshin nan, amma ina so in ja hankali kan abu ɗaya saboda aikina. Duk abin da aka lissafa yana taimakon mai gajiya ko mai ɓacin rai na yau da gobe. Idan kuwa mutum ya kai mako biyu ko fiye yana cikin ƙunci kusan kullum, abubuwan da ya saba jin daɗinsu sun daina yi masa daɗi, barci da cin abincinsa sun rikice, ko ya fara tunanin gara ya mutu, to wannan alamar ciwon damuwa ce, kuma shayi da turare ba za su warkar da shi ba. Kada a ce masa raunin imani ne, a raka shi ya ga likita. Akwai asibitocin da suka ƙware a wannan fanni, kamar na Dawanau a Kano, da na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, kuma zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace.

Nawa kuma ƙarami ne ƙwarai. Idan na kwana a bakin aiki, da safe mai jinyar wani mara lafiya ta tare ni ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri," tana murmushi, nakan manta ciwon ƙafar da na kwana da shi. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito cewa murmushinka ga ɗan'uwanka sadaka ne, a ɗakin marasa lafiya na fi fahimtar sa, domin a can na zama mai karɓar sadakar.

Ɗan Kwari ya sake rubutawa:

Na gode muku gaba ɗaya. Malam na Damagaram, na karɓi zolayar, amma ka sani mai shago ba ya iya jiran hawa uku da safe. Hajiya, maganar randa ta shige ni, domin rabon gidana da ita tun rasuwar mahaifiyata. Idan na sayo sabuwa, yaya ake yi mata kafin a fara sha?

Uwargida daga Zazzau ta amsa:

Allah ya jiƙan Hajiya, ya kai haske kabarinta. Alhaji, idan za ka saya ka ƙwanƙwasa ta da yatsa, wadda ta gasu sosai kuma ba ta da tsagu za ka ji ta yi ƙara garau. A gida a wanke ta ciki da waje ba tare da sabulu ba, domin yumɓu yana riƙe ƙamshin sabulu, sannan a cika ta da ruwa a bar shi ya kwana a zubar, a maimaita haka har ɗanɗanon ƙasa ya ragu. Bayan nan a kife ta a kan garwashi mai ɗan turare ta sha hayaƙi, a girke ta a inuwa inda iska take ratsawa, a kan yashi mai danshi. A tanadar mata faifai da moɗarta ita kaɗai, a hana yara tsoma kofin da suka sha da shi, kuma a riƙa juye ta ana wankewa duk bayan kwana biyu ko uku. Jema kuwa ana samun ta a wurin masu sayar da kayan ƙamshi a kasuwa, a wanke ta, a ɗaure 'yar kaɗan da zare kafin a jefa.