Neman kalma: me za mu kira feedback kafin Alhamis?

Mai Shirin Dare: Assalamu alaikum malamai. Ranar Alhamis zan gabatar da shiri a kan makaɗan Japan masu kiɗa da ƙara zalla, irin su Merzbow da ya fara tun 1979, da Toshimaru Nakamura mai ɗaukar wayar da sauti ke fita daga miksa (na'urar haɗa sautuka) ya mayar da ita ƙofar shiga, babu abin kiɗa ko ɗaya. Abu biyu sun tsaya mini: feedback, da akwatunan nan da masu jita ke takawa su canza sauti.

Ummu Hanan: Amsa-kuwwa.

Mai Gyaran Sauti: A'a Hajiya, ba shi ba ne. Amsa-kuwwa yakan dawo ne yana raguwa har ya mutu. Wannan kuwa ƙaruwa yake yi: makirfo ya ɗauki abin da lasifika ta fitar, amfilifaya ta ƙara masa ƙarfi, ya sake fita, makirfo ya sake ɗauka. Duk wanda ya taɓa haɗa na'ura a wurin wa'azi ko ɗaurin aure ya san shi. Mu cewa muke lasifika tana kuka. A bar amsa-kuwwa ga fedar da ke maimaita sauti, ɗaya daga cikin akwatunan nan da ake takawa.

Malamin Hausa: Kuka bayani ne, ba suna ba. Ina ba da shawarar "komau", a kan awon mantau. Amon da ke komawa inda ya fito. Kuma feda Turanci ce, a ce mataki.

Mai Gyaran Sauti: Allah ya gafarta Malam, mataki ai na bene ne. Mai keke feda yake cewa.

Ɗan Damagaram: Mu a nan larsen muke cewa, daga Faransanci, sunan wani masanin kimiyya ne ɗan Denmak. Masu jitar Agadas ma sun san shi. Kullum sai Kano ta yanke, mu mu bi?

Malamin Hausa: Ba maganar Kano ba ce, ɗan'uwa. Larsen da feedback duk baƙi ne. Mu da muka samar da amsa-amo don waƙa, mu kasa wannan? Komau gajere ne, yana karɓar jam'i, yaro ma zai riƙe shi.

Ummu Hanan: Ni fa tambayata, wannan ƙarar har ta isa a kira ta kiɗa?

Mai Shirin Dare: Hajiya, tun 1913 Luigi Russolo na Italiya ya rubuta cewa ƙarar injuna abin kiɗa ce, har ya ƙera na'urorinta. Na saurari Nakamura da kyau: da ɗan juya maɓalli kaɗan yake sarrafa kukan, ya siranta shi, ya kaurara shi. Akwai gwaninta a ciki, shi ya sa nake son masu sauraro su gane. Malam, idan na ce komau a rediyo sai na tsaya fassara shi, minti 15 kawai gare ni.

Malamin Hausa: Kowace sabuwar kalma da bayani take farawa.

Mai Gyaran Sauti: To a ce kukan lasifika. Na Nakamura kuma kukan miksa, tunda a cikinta yake zagayawa.

Mai Shirin Dare: Na ɗauka: kiɗan ƙara, fedar sauti, kukan lasifika. Zan ambaci komau sau ɗaya in ji abin da masu kira za su ce.

Malamin Hausa: Feda dai ban yarda ba. Amma ka faɗi komau a farkon shirin, kada ka bari sai mutane sun yi barci.