An aika mutation, saba ta karɓa, amma jerin da ke shafi bai motsa ba

Baƙon Zaure: Assalamu alaikum jama'a. Shafin React ne da Apollo Client 3, manhajar da ke ɗauko wa shafi bayanai ta GraphQL daga saba (wato server, kwamfutar da ke riƙe da bayanan), akwai jerin kayan shago da useQuery ke ɗaukowa. Idan aka gyara farashi ko aka ƙara sabon kaya ta useMutation (mutation ita ce buƙatar canja bayani, query kuwa ta karanto shi), saba tana amsawa lafiya lau, amma jerin yana nan yadda yake sai an sake loda shafin. Waɗanda suka saba da aikin nan, ina gizo ke saƙar?

Tsohon Hannu: Wa alaikumus salam. Malam, matsala biyu ka haɗa, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Gyaran farashi ya kamata ya fito da kansa. InMemoryCache, wato ma'ajiyar da Apollo ke riƙe bayanan da ta ɗauko a cikinta, tana ajiye kowane abu da makullin da take haɗawa daga __typename (sunan nau'in abin) da id (lambarsa), misali Kaya:42. Muddin amsar mutation ta dawo da id tare da sabon farashi, duk inda Kaya:42 yake a allo zai canja. Inda ake faɗuwa shi ne a nemi "ok" kaɗai a amsar, ko a manta id a cikin query na jerin. Abin da ba shi da id ba ya samun makullin kansa, sai a liƙa shi a jikin abin da ya ɗauko shi, gyara kuwa ba zai kai gare shi ba. Idan sabarku da sku (lambar kaya ta shago) take gane kaya maimakon id, ka faɗa wa ma'ajiyar ta keyFields a cikin typePolicies. Buɗe Apollo Client Devtools a Chrome ka duba makullan da idonka kafin ka taɓa komai.

Sabon kaya kuwa daban ne. Ma'ajiya ta ajiye shi, amma ba ta san jerin da ya kamata ya shiga ba, kai ne za ka gaya mata.

Mai Gaggawa: Ka sa fetchPolicy ya zama network-only mana, query ya riƙa ɗaukowa daga saba maimakon ma'ajiya, ka huta.

Tsohon Hannu: Haba ɗan'uwa. Wannan yana taimakawa ne idan mutum ya bar shafin ya dawo. In fom da jeri suna allo ɗaya, ba shi ne maganin ba, kuma ka ɗora wa mai waya cin data a duk shigowa.

Uwar Ɗaki: Ga sabon kaya, hanya biyu ce ta gaskiya. Mai sauƙi ita ce refetchQueries: ka ba mutation sunan query ɗin, ta sake ɗauko jerin. Tafiya ɗaya ce ƙari zuwa saba, ga jeri mai tacewa ko mai shafi-shafi ita na fi yarda da ita, don saba ce ta san inda sabon kaya zai zauna.

Ta biyu ita ce update da cache.modify, inda kake ɗaukar tsohon jerin ka ƙara masa manunin sabon abu. Tana da sauri, amma akwai tarko. Apollo tana ajiye jeri tare da sharuɗɗan da aka nemo shi da su, wato jerin rukunin shinkafa daban, na rukunin mai daban, cache.modify kuma tana bi ta kan dukkansu saboda sunan filinsu ɗaya. Sai ka ga buhun shinkafa ya bayyana a cikin man gyaɗa. Duba storeFieldName, wato sunan filin haɗe da sharuɗɗansa, kafin ka ƙara. Don goge kaya, cache.evict da cache.identify, sannan cache.gc, jerin zai tsallake abin da aka cire da kansa.

Ɗan Lungu: Ga masu amfani da urql, wata manhajar irin Apollo, lamarin ya sha bamban. Ma'ajiyarta ta asali tana duba __typename ɗin da mutation ta dawo da shi, ta sake nemo duk query mai irinsa. Tana aiki sumul, sai dai idan jerin ya fara a wofi: babu abu ko ɗaya, babu __typename da za ta riƙe, don haka kaya na farko ba ya fitowa. Maganin shi ne additionalTypenames a kan query ɗin.

Uwar Ɗaki: Wani abu kuma, Malam Baƙo, ka tabbata saba ta karɓa da gaske. GraphQL kan mayar da 200, lambar da ke nuna nasara, alhali kuskure yana kwance a cikin errors. Buɗe jikin amsar ka karanta, kada ka tsaya ga lambar. In kuma ka sa optimisticResponse, wato amsar hasashe da ake nunawa kafin ta saba ta iso, ka ba shi __typename da id na wucin gadi, ka sani cewa update zai gudana sau biyu, da amsar hasashe sannan da ta saba. Saƙon "an adana" ka sa shi a onCompleted, in ka sa shi a update mai amfani da shafin zai gan shi sau biyu.

Baƙon Zaure: Allah ya saka da alheri. Na duba Devtools, babu id a query na jerin, na sa shi farashi ya gyaru. Ga sabon kaya zan bi refetchQueries tunda jerin yana da tacewa ta rukuni.