Ina sayar da gwanjo a intanet: yaya zan tsara lissafina, kuma wane haraji ne ya hau kaina?

'Yar Gwanjo, Kano

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana lissafin kuɗi da kuma waɗanda suka riga ni shiga wannan sana'a. Ina sarin dilar gwanjo a kasuwar Ƙofar Wambai, galibi kayan yara, sai kuma rigunan sanyi idan hunturu ya gabato. In na fasa dila sai in wanke, in goge, in ɗauki hoto in ɗora a WhatsApp da Instagram. Masu saye suna turo kuɗi ta asusuna na banki. Na cikin gari in aika musu ta hannun ɗan sahu, na nesa kuma in kai tasha a ba direba. Ba ni da shago, ban yi rajistar sunan kasuwanci ba, kuma asusun da kuɗin kaya yake shiga shi ne wanda maigidana yake sa mini kuɗin cefane, a cikinsa kuma mata suke zuba mini adashi domin ni ce uwar adashin unguwarmu.

Tun da aka fara maganar sabuwar dokar haraji nake jin cewa duk kuɗin da ya shiga asusun mutum sai gwamnati ta yanki nata. Shin haka abin yake? Idan kuma a kan riba ake biya, ta yaya zan nuna ribata, alhali wanda nake sari a wurinsa ba ya ba da rasit, kuma a dila ɗaya akwai rigar da za ta yi naira 6,000 akwai wadda ko 1,000 da ƙyar za a saya? Na gode.

Malamin Akanta, Zariya

Wa alaikumus salam, Malama. Maganar cewa ana yankar haraji daga duk kuɗin da ya shiga asusu ba ta da tushe a doka, kuma Taiwo Oyedele, wanda ya shugabanci kwamitin shugaban ƙasa kan gyaran dokokin haraji, ya sha ƙaryata ta. Abin da mutane suke gani a saƙon banki shi ne naira 50 da ake cira idan kuɗin da aka tura ya kai naira 10,000, kuma wannan ba harajin kuɗin shiga ba ne. Kuɗin cefane da zubin adashi ba riba ba ne, saboda haka babu haraji a kansu. Matsalarki kawai ita ce kin haɗa su da kuɗin ciniki a wuri guda, kuma ranar da aka tambaye ki, nauyin rarrabewa a kanki yake.

Dokokin da ake magana a kansu Shugaba Tinubu ya sa musu hannu a ranar 26 ga Yuni, 2025, suka fara aiki a ranar 1 ga Janairu, 2026. Tun da ke kaɗai kike kasuwancinki, ba kamfani ba ce, harajinki na ɗaiɗaikun mutane ne, kuma hukumar tattara kuɗin shiga ta jihar da kike zaune ce take karɓa, wato KIRS a wurinki, ba hukumar tarayya da a da ake kira FIRS ba. Naira 800,000 na farko a cikin abin da kika samu a shekara babu haraji a kansu. Naira miliyan 2.2 da suke biye ana ɗaukar kashi 15 cikin ɗari, miliyan 9 na gaba kashi 18, a haka yake hawa har ya tsaya a kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50.

Ga misali da alƙaluman da na ƙago domin bayani kawai. A ce cinikinki na shekara ya kai naira miliyan 6, kayan da kika sayar sun tsaya miki a kan miliyan 3.6, kin kuma kashe 900,000 a kan data, da tallar da kike biya a Instagram, da leda, da sabulu, da gawayin guga ko wuta, da kuɗin kai saƙo. Ribarki ta zama miliyan 1.5. A cire 800,000, saura 700,000, kashi 15 cikin ɗari na wannan shi ne naira 105,000 a shekara. Wanda ba shi da littafi kuwa, doka ta ba hukuma damar yi masa ƙiyasi, kuma mai ƙiyasi miliyan 6 ɗin da ya shiga asusu yake gani, ba ya ganin dilar da aka fasa aka tarar rabinta tsumma ne.

Batun kason kuɗin dila shi ne ya fi muhimmanci a tambayarki, kuma a nan ne na ga masu wannan sana'a suna ruɗar kansu. Kada ki raba kuɗin dila daidai wa daida a kan adadin kaya. A ce kin sayi dila 300,000, dako da mota suka ci 20,000, wanki da guga 10,000, jimla 330,000, kika samu guda 200. Idan kika raba daidai, kowace riga ta tsaya a kan 1,650, sai ki ga kamar kina cin ƙazamar riba a kan na zaɓe, kina kuma faɗuwa a kan na ƙasa, alhali ba haka ba ne. Abin da ya dace shi ne ranar da kika fasa ki ware su aji uku, ki sa wa kowane aji farashin da kike sa ran sayarwa. Guda 40 na zaɓe a kan 6,000 sun ba da 240,000, guda 100 na tsakiya a kan 2,500 sun ba da 250,000, guda 60 na ƙasa a kan 1,000 sun ba da 60,000, jimla 550,000. Kuɗin da kika kashe kashi 60 cikin ɗari ne na wannan jimlar, saboda haka ta zaɓe ta tsaya miki a kan 3,600, ta tsakiya 1,500, ta ƙasa 600. Da wannan lissafi za ki san iyakar ragin da za ki iya yi wa mai saye, za ki kuma iya ƙimanta abin da ya rage a ɗaki ranar 31 ga Disamba, domin kayan da ba a sayar ba ba a cire kuɗinsu daga cinikin wannan shekarar, sai shekarar da suka fita.

Dattijon Wambai

Assalamu alaikum. Malam Akanta ya yi bayani mai gamsarwa, Allah Ya ƙara sani, amma akwai abin da sai wanda yake cikin kasuwa ne zai faɗa wa wannan baiwar Allah. 'Yata, rashin rasit ba rowa ba ce daga dilanki. Gwanjo yana cikin jerin kayan da hukumar kwastan ta haramta shigo da su Najeriya, shi ya sa mafi yawansa a tashoshin ruwan Kwatano da Lome ake sauke shi, sannan ya biyo ta kan iyakoki har ya iso mu. Kayan da suka bi wannan hanya ba sa zuwa da takarda, kuma ba kowane babban dila ne zai yarda ya rubuta sunansa da adadin abin da ya sayar a takarda mai tambari ba. Idan kika matsa masa, zai ce ki gwada gaba, ga kuma masu jira a bayanki.

Abin da nake sa yarana su yi shi ne su biya ta banki, su rubuta a wurin bayanin tura kuɗi cewa kuɗin dila ne, da irinta da nauyinta, su ɗauki hoton dilar da lambar da take jikinta kafin a yanke ƙarfen ɗaurin, sannan su ɗauki hoton kayan bayan an baje. Wannan ya fi ƙarfin gardama ko tsakaninki da dilan, domin na sha ganin wanda ya biya kuɗin lamba ɗaya, ya je gida ya fasa ya tarar da abin da ko kasuwar ƙauye ba za ta ɗauka ba.

Inda nake da ja shi ne wannan aji uku da ake rubutawa ranar fasa dila. A takarda abin yana da kyau, amma kasuwa ba ta bin takarda. Rigar sanyin da kika sa wa 6,000 a watan Disamba, idan ta kai Maris ba ta fita ba, ta zama kasuwa a kai miki dole, ko 2,000 aka taya sai ki sallama. To a wane farashi za a ƙirga ta? Kuma ni a ganina, mace mai juya dila ɗaya ko biyu a cikin gidanta ba ta da dalilin kai kanta ofishin haraji. Ta bari sai jarinta ya yi ƙwari.

Malamin Akanta, Zariya

Alhaji, ranka ya daɗe, tambayarka ta farko tana kan hanya, kuma ƙa'idar lissafi ta tanadi amsarta. Kayan da suka yi kwantai ana ƙimanta su ne da wanda ya fi ƙanƙanta tsakanin abin da suka tsaya wa mai su da abin da za su iya kawowa yanzu. Rigar da ta tsaya a kan 3,600, idan ta tabbata ba za ta wuce 2,000 ba, 2,000 za a rubuta, bambancin ya shiga asara ya rage ribar da za a yi wa haraji. Wadda ta yage ko ta yi tabon da ba ya fita, aka bayar da ita sadaka, a rubuta ranar da adadin, a soke ta daga littafi.

Shawara ta biyu ce ba zan bi ka a kanta ba. Doka ta raba biyan haraji da bayyana abin da aka samu. Mai ribar da ba ta kai 800,000 ba ba zai biya ko kwabo ba, amma ana bukatar mai kasuwanci ya miƙa bayanin shekarar da ta gabata kafin ƙarshen watan Maris, kuma sabuwar dokar ta sa tarar naira 100,000 a watan farko na rashin miƙawa, da 50,000 a kowane wata da ya biyo baya. Mai rumfa a kasuwa da yake karɓar tsabar kuɗi ba ɗaya yake da mai sayarwa a intanet ba: ita cinikinta gaba ɗaya a rubuce yake, hoton kaya da farashi a shafinta, kuɗin kuma a banki da lambar BVN ɗinta. Samun lambar haraji ma ya zo da sauƙi, domin ga ɗaiɗaikun mutane an ɗaure ta da lambar NIN.

Malama, ki adana littafinki da bayanan banki na aƙalla shekara shida. Harajin VAT na kashi 7.5, wanda ake ɗorawa a kan farashin kayan da aka saya, kada ya ɗaga miki hankali. Doka ta ɗauke wa masu ƙaramin ciniki irinki nauyin karɓarsa, don haka kada ki ƙara shi a kan farashin kayanki. Rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC tana da amfani wajen buɗe asusu da sunan sana'a da kuma samun amincewar masu saye, sai dai ba ta mayar da ke kamfani ba, harajinki yana nan a jiha. Idan kuma ke ce kike biyan hayar gidan da kike zaune, dokar ta ba da rangwamen kashi 20 cikin ɗari na kuɗin hayar shekara, iyakarsa naira 500,000, wanda ake cirewa kafin a lissafa haraji.

Maman 'Yan Biyu, Kaduna

'Yar'uwa, sana'armu ɗaya, sai dai ni jakunkuna da labule na fi yi. Kafin komai ki buɗe asusu na daban wanda ba abin da zai shiga cikinsa sai kuɗin kaya, ko a bankinki ko a irin su Moniepoint da OPay, ki kuma yanka wa kanki wani adadi da za ki riƙa ɗauka duk wata zuwa asusunki na gida. Idan kin ɗauki riga daga dila kin sa wa ɗanki, ki rubuta ta a matsayin abin da kika ɗiba, domin ta irin wannan ƙofa jari yake zurarewa ba a sani ba, musamman gab da sallah da dangi suke zuwa su zaɓa su ce za su turo.

Akwai kuɗi iri biyu da suke shiga asusunmu waɗanda ba namu ba ne, kuma su ne suke kumbura ciniki a idon wanda bai san sana'ar ba. Na farko kuɗin mota: mai saye a Jos za ta turo 12,000, alhali 9,000 ne na kaya, 3,000 na direba ne. Na biyu kuɗin da ake mayarwa idan kaya bai yi wa mutum daidai ba. Ni littafina mai layi ne na 'yan makaranta, kowace dila da shafinta, a sama na rubuta ranar saye da abin da ta ci, a ƙasa kuma kowane ciniki da ranarsa, da kuɗin kaya, da kuɗin mota a gefe, da alamar ko an biya ko bashi ne. Daren Juma'a nake zama in gwada shi da bayanin banki, domin idan aka bar shi ya yi wata, ba mai iya tuna wace Aisha ce ta turo 4,500. Wannan littafin ne kuma nake buɗewa idan shekara ta zagayo zan fitar da zakka, tun da ita ma sai an san ƙimar kayan da suke ƙasa da bashin da ake sa ran karɓa kafin a cire ɗaya bisa arba'in.

Game da neman akanta, ba kya bukatar wanda za ki riƙa biya duk wata. Sau ɗaya a shekara ya isa, cikin Janairu ko Fabrairu, ya duba littafin ya cike miki takardun. Ki tambaye shi ko yana da rajista da ƙungiyar akantoci ta ICAN, ko ta ANAN, ko cibiyar masana haraji ta CITN, kuma kada ki tura kuɗin haraji asusun wani mutum da sunan zai biya miki. Ki biya ta hanyar da hukumar ta tanada, ki karɓi shaidar biya da sunanki.

'Yar Gwanjo, Kano

Allah Ya saka muku da alheri baki ɗaya. Malam Akanta, saura abu ɗaya: watannin da suka wuce ban rubuta komai ba, kuma wasu dilolin da tsabar kuɗi na biya. Daga ina zan kama?

Malamin Akanta, Zariya

Ki nemi bayanin asusunki daga banki tun daga 1 ga Janairu, ki bi shi layi-layi da biro kala biyu, kina ware kuɗin kaya daga na cefane da na adashi. Hirarrakinki na WhatsApp da masu saye za su tuna miki mafi yawansu, littafin adashi kuma zai tabbatar da zubin mata. Dilolin da kika biya hannu da hannu, ki duba ranar da kika ciri kuɗin a banki ko a wurin mai POS, ki haɗa ta da ranar da kika fara ɗora hotunan kayan wannan dilar, ki rubuta adadin, sannan ki roƙi dilanki ya sa hannu a littafinki ko da ba zai ba da rasit ba. Bayan haka ki ƙirga duk abin da yake ɗaki a yau, aji-aji, ki buɗe sabon shafi da wannan adadin.